Mahaifa biyu a jiki ɗaya: Ɗaukar ciki da haihuwa ga matan da aka halitta da ita

A cikin kowaɗanne mata dubu ana samun kamar uku da aka halitta da mahaifa biyu maimakon ɗaya, kowace da bakinta da bututun ƙwanta. Galibinsu kan girma, su fara al'ada, su yi aure, wasu har su haihu, ba tare da sun san haka jikinsu yake ba. Labarin kan fito ne ranar da aka je hoton ciki, ko a ɗakin tiyata, sa'ilin da likita ya ciro jariri daga wata mahaifa ya tarar da wata kwance a gefenta.

Tambayar farko da mace ke yi idan an gaya mata ita ce ko za ta samu haihuwa. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna mafi yawan masu wannan halitta suna ɗaukar ciki kamar sauran mata. Wahalar tana gaba: riƙe cikin har ya cika wata tara, da kuma hanyar da jaririn zai fito.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar tun a nan. A bakin jama'a, kalmar mahaifa tana nufin gidan da ɗan tayi ke zama, tana kuma nufin mabiyiya, wato abin da ke faɗowa bayan jariri. Saboda haka idan mai hoto ya ce wa mai cikin tagwaye tana da "mahaifa biyu", yawanci mabiyiya biyu yake nufi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne gidan kansa ya zama biyu tun daga halitta, yanayin da likitoci ke kira didelfis, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "biyu" da "mahaifa".

Yadda abin ke faruwa tun a ciki

Kowace mace ta fara rayuwa da abin da za a iya kira mahaifa biyu. Wajen mako na shida da shigar ciki, wasu siraran bututu biyu kan bayyana a jikin ɗan tayi, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ana kiran su da sunan Johannes Müller, masanin ƙasar Jamus da ya yi bayaninsu a 1830. Idan mace ce za a haifa, bututun kan gangaro su haɗu a tsakiya su manne da juna. Ɓangarensu na sama da bai haɗu ba shi ne ke zama bututun ƙwai na dama da na hagu. Wanda ya haɗu shi ne ke zama mahaifa da bakinta da saman farji. Bangon da ya rage a tsakani kuma yakan narke a hankali zuwa wajen mako na 20, a samu rami ɗaya.

A kowane mataki ana iya samun tsaiko, kuma matakin da aka tsaya shi ke tantance siffar mahaifar. Idan bututun sun haɗu amma bangon tsakiya bai narke ba, sai a samu mahaifa ɗaya mai shamaki a ciki. Idan sun haɗu daga ƙasa kawai, sai a samu mahaifa mai ƙaho biyu, mai siffar zuciya. Idan bututu ɗaya ne ya girma, sai a samu rabin mahaifa. Idan kuwa ba su haɗu ba sam, kowanne ya girma shi kaɗai, to nan ne ake samun mahaifa biyu cikakku. A mafi yawan masu ita, akwai kuma wani labule na tsoka da ya raba farji gida biyu a tsaye.

Bambance waɗannan nau'o'i yana da muhimmanci, domin makomarsu ba ɗaya ba ce, maganinsu ma haka. Sau da yawa takardar hoto kan rubuta "mahaifa biyu" a kan mace mai shamaki ko mai ƙaho biyu, alhali shawarar da za a ba kowaccensu daban take.

Gidan ƙwai ba daga waɗancan bututu yake fitowa ba, don haka lafiyarsa ƙalau: mace na yin ƙwai duk wata, sinadaran jikinta daidai suke, surarta ta waje ba ta nuna komai. Mahaifun biyu suna amsa umarnin sinadari ɗaya ne, saboda haka tare suke yin al'ada, sau ɗaya a wata. Ƙoda kuwa tare da waɗancan bututu take tasowa, kusa da juna, shi ya sa ake yawan samun mai mahaifa biyu da ƙoda ɗaya tak. Duk wadda aka gano tana da wannan halitta ya kamata a yi mata hoton ƙoda, ko da ba ta jin ciwon komai.

Abin ba ya zuwa daga wani abinci da uwa ta ci, ko wani aiki da ta yi tana da ciki. An fi ganinsa kaɗan a tsakanin 'yan'uwa na jini, amma mafi yawan 'ya'ya matan da masu ita ke haifa mahaifa ɗaya gare su. A wasu dabbobin ma, kamar zomo da ɓera, mahaifa biyu ita ce asalin halitta.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2011 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Nottingham ta Ingila, sun tattara nazarce-nazarce 94 da suka shafi mata kusan 90,000. Sun samu cewa kashi 5.5 cikin 100 na mata suna da wani bambanci a siffar mahaifa, adadin kuma ya haura kashi 13 a tsakanin masu fama da ɓari. Daga wannan aiki ne aka samo ƙiyasin mace uku a cikin dubu na masu mahaifa biyu cikakku. A wani aikin da suka fitar a shekarar, sun nuna cewa matan da bututunsu bai haɗu daidai ba, wato masu mahaifa biyu da masu ƙaho biyu da masu rabi, ba su da raguwar ɗaukar ciki. Sai dai haihuwar bakwaini ta ninka kusan sau uku a tsakaninsu, rashin daidaiton kwanciyar jariri kuma kusan sau huɗu. Masu shamaki a cikin mahaifa ɗaya su ne aka samu da raguwar ɗaukar ciki da yawan ɓari a watannin farko.

Nazarin da aka fi ambato a kan mahaifa biyu ita kaɗai shi ne na likitan ƙasar Finland, Pentti Heinonen, wanda ya bibiyi mata 49 tsawon shekaru, ya fitar da sakamakon a 2000. A cikin mata 36 da suka nemi haihuwa, 34 sun samu ciki aƙalla sau ɗaya. An ƙirga ciki 71. Kashi 21 cikin 100 sun zube, adadin da bai yi nisa sosai da abin da ake gani ga sauran mata ba. Kashi 75 sun kai ga ɗa rayayye. Kashi 24 na haihuwar bakwaini ne, kashi 11 na jariran ba su yi girman da ya kamata ba a ciki, kashi 84 kuma ta tiyata aka haife su.

Mata 49 ba su da yawa, kuma a ƙasa mai wadatar asibiti aka kula da su. Duk da haka hoton da suka bayar ya yi daidai da abin da aka gani a wasu wurare. Ma'anarsa ga ma'aurata ita ce, idan shekara ta cika ciki bai samu ba, kuskure ne a rataya laifin a wuyan mahaifa biyu a naɗe hannu. Ya kamata a bi sauran dalilan da ake bi ga kowa: toshewar bututun ƙwai, rashin fitar ƙwai, da kuma gwajin maniyyin maigida, wanda shi ne mafi sauƙi da arha a cikin gwaje-gwajen, shi ne kuma aka fi jinkirtawa. An sha ganin aure ya girgiza saboda layi ɗaya da aka karanta a takardar hoto, alhali matsalar tana wani wuri.

Ciki a rabin ɗaki

Kowace daga cikin mahaifun biyu ba ta kai cikakkiyar mahaifa girma ba. Siririya ce, doguwa, kuma jijiyar jini ta gefe ɗaya ce ke ciyar da ita. Mahaifa naman tsoka ce mai miƙewa, shi ya sa da yawa ke kai cikin har ƙarshe. Amma wurin kan yi wa jariri kaɗan da wuri, kuma daga nan yawancin matsalolin ke tasowa.

Ta farko ita ce naƙuda kafin cikar mako 37, ko fashewar faya tun lokaci bai yi ba. Likitoci kan auna tsawon bakin mahaifa da na'urar hoto tsakanin mako na 16 da na 24. Idan ya gajarta zuwa milimita 25 ko ƙasa da haka, akan ba da maganin sinadarin furojestaron da ake matsawa ta gaba. Ɗaurin mahaifa, wato ɗinke bakinta, ana yin sa ne ga wadda ta taɓa yin ɓarin babban ciki ko aka ga bakin yana buɗewa. Ba kowace mai mahaifa biyu ke buƙatarsa ba. Idan naƙuda ta taso tsakanin mako na 24 da na 34, akwai allurar da ake yi wa uwa don ƙosar da huhun jariri. Allurar tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki, saboda haka mai irin wannan ciki ba ta zaman jiran gari ya waye idan ta ji ciwon mara da baya mai zuwa yana dawowa, ko ta ga ruwa ko jini.

Ta biyu ita ce kwanciyar jariri. A mahaifa mai faɗi, jariri kan juyo da kansa ƙasa a watannin ƙarshe. A siririya, sau da yawa ba ya samun wurin juyawa, sai ya zo a zaune ko ta ƙafa. Wannan ne babban dalilin yawan tiyata. Juya jariri da hannu ta saman ciki, wanda likitoci kan gwada ga wasu mata, ba a cika yin sa a nan ba, balle murzar ciki irin ta gida.

Mahaifar da ba ta ɗauke da cikin ita ma tana da nata labarin. Sinadaran ciki suna isa gare ta, sai ta kumbura, fatar cikinta ta yi kauri kamar ita ma tana jiran ɗan tayi. Takan zubar da jini a watannin farko, wani lokaci har da gudaji, a ɗauka ɓari ne alhali cikin yana nan lafiya a ɗaya gefen. Haka kuma mai hoton da bai san tarihin mace ba yana iya ɗaukarta ƙari, ko ya zaci ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Saboda wannan, bai kamata a yi wa mai mahaifa biyu wankin ciki ba sai an tabbatar da hoto a wane gefe cikin yake da halin da yake ciki. A lokacin naƙuda kuma, takan zamo ƙasa ta tare wa kan jariri hanya, ko da yake ba kasafai ba.

Duk da haka, mahaifa biyu ita kaɗai ba hukuncin tiyata ba ce. Idan kan jariri yana ƙasa, girmansa daidai, naƙuda na tafiya, mace na iya haihuwa da kanta, kuma da yawa sun yi. Labulen farji kan kauce gefe ya ba jariri hanya, wani lokaci kuma likita ya yanke shi idan ya tare. Sharaɗin shi ne a haihu a asibitin da ke iya yin tiyata a kowace sa'a, mai jini a ajiye da sashen kula da bakwaini. Idan an yi tiyatar, ya kamata a rubuta a kati wace mahaifa aka yanka, ta dama ko ta hagu, domin ciki na gaba yana iya shiga ɗayar, kuma likitan da zai karɓi haihuwar yana buƙatar sani.

Wadda ke da ƙoda ɗaya kuma sai an ƙara sa ido a kan hawan jininta da gwajin fitsari a kowane awo, saboda gudun jijjiga. Ya kamata ta nisanci shan magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen barkatai, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Idan mahaifun biyu suka ɗauka tare

Irin wannan ne ke shiga jaridu. A 2006 wata matashiya 'yar yankin Devon a Ingila ta haifi 'yan uku mata, biyu masu kama ɗaya daga mahaifa guda, ɗaya daga ɗayar, ta hanyar tiyata mako bakwai kafin lokaci. A Disambar 2023 wata mata a jihar Alabama ta Amurka ta haifi tagwaye mata a asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham, ta farko da kanta ranar 19 ga wata, ta biyu ta tiyata washegari, kimanin sa'o'i goma a tsakani, domin kowace mahaifa naƙudarta daban ta yi. Likitocin asibitin sun ƙiyasta irin wannan ciki da ɗaya a cikin miliyan.

Wanda ya fi ɗaukar darasi shi ne na Bangladesh a 2019. Wata mace mai shekara 20 ta haifi bakwaini a birnin Khulna ta koma gida. Bayan kwana 26 ciwon ciki ya kai ta wani asibiti a Jessore, hoto ya nuna akwai wasu jarirai biyu a mahaifa ta biyu, aka ciro su ta tiyata, namiji da mace, duka a raye. Likitar da ta yi aikin ta bayyana cewa ba a taɓa yi wa matar hoton ciki ba kafin haihuwar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta je awo sau takwas, a kuma yi mata hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24.

Budurwa mai ciwon mara da ba ya jin magani

Akwai wani rukuni da lamarinsu ba ya jiran aure. A wasu 'yan mata, labulen farji yakan karkace ya toshe gefe ɗaya gaba ɗaya, kuma kusan kullum babu ƙoda a wannan gefen. Likitoci na kiran yanayin da sunayen Herlyn da Werner da Wunderlich, waɗanda suka yi bayaninsa a 1971 da 1976. A nazarin Heinonen, takwas daga cikin mata 49 suna da shi.

Abin da ke ɓatar da iyaye da ma'aikatan lafiya shi ne yarinyar tana ganin al'adarta duk wata, daga gefen da ke buɗe. Jinin ɗaya gefen kuwa taruwa yake yi a ciki. Sai ciwon mara ya riƙa tsananta wata bayan wata, mara ta kumbura ta gefe guda, wani lokaci a ga ruwa mai wari idan wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta. Akan daɗe ana cewa ciwon mara ne na 'yan mata, zai wuce idan ta yi aure. A tsawon wannan lokaci jinin na komawa baya ta bututun ƙwai zuwa cikin ciki, ya jawo tsirowar fatar mahaifa a wajen mahaifa da mannewar kayan ciki. Waɗannan su ne ke iya hana haihuwa daga baya. Maganin kuwa ƙaramin aiki ne da ake yi ta gaba ba tare da buɗe ciki ba: a yanke labulen, jinin ya fita, ciwon ya ɗauke, mahaifun biyu su tsira.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin haɗari a nan. Amaryar da ke jin zafi wurin kwanciyar aure saboda labulen farji, ko mai naƙudar da ta tsaya, ana iya kai ta wurin wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri. Mafitsara tana manne da gaban farji, dubura kuma da bayansa, kuma yankan gishiri na cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a Arewa. Cire labulen aikin likitan mata ne, wanda ya ga hoto ya san inda kowace gaɓa take.

Ganowa, da aikin da ba a buƙata

Likita na iya gane ta tun a duban farko idan ya ga bakin mahaifa biyu. Hoton ciki na yau da kullum yana nuna alama, amma hoto mai fuska uku ko na'urar MRI su ne ke tabbatarwa, domin suna nuna siffar mahaifar ta waje da ta ciki tare. Hoton HSG, wanda ake ɗura ruwan launi don duba bututun ƙwai, yana da tarko: idan baki ɗaya aka ɗura wa ruwan, sai hoton ya nuna kamar rabin mahaifa ce da bututu ɗaya. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da sassan mata da haihuwa da ake tura irin wannan lamari.

Akwai tiyatar haɗa mahaifa biyu su zama ɗaya, wadda likitan Jamus Paul Strassmann ya fara bayani a 1907. A yau ba a ba da shawararta ga mai mahaifa biyu cikakku sai a yanayi na musamman ƙwarai, domin ba a nuna tana ƙara yawan 'ya'ya rayayyu ba, kuma tana barin tabon da ke iya yagewa a lokacin ciki. Wadda aka ce mata sai an "gyara" mahaifarta kafin ta iya ɗaukar ciki tana da dalilin neman ra'ayin likita na biyu. Idan kuma an kai ga dashen ƙwai na IVF saboda wani dalili, akan zaɓi mahaifar da ta fi girma da sauƙin shiga a dasa ƙwai ɗaya, domin tagwaye a siririyar mahaifa suna ƙara haɗarin bakwaini.

Wajen tazarar haihuwa, robar da ake sawa a mahaifa ba abin dogaro ba ce ga waɗannan mata, tunda gefen da aka sa ta kaɗai take karewa. Allura da ƙwaya da ashanar hannu suna aiki gare su kamar kowa. Haka nan a gwajin sankarar bakin mahaifa, sai an ɗebi samfuri daga bakunan biyu, a rubuta na dama daban, na hagu daban.